Jadawalin da Ya Yi Mini Ƙanwa

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona a kasuwar Managil, nan Sudan, yana jiran motar Madani. Ya leƙo ya ga ina fama da wani jadawali a kwamfuta, ya ce, "Ya ammu, wannan ai kwafa ne da liƙawa. Danna biyu an gama." Ammu shi ne baffa da Larabci.

Na tashi daga kujerar na ce ya zo ya danna. Ya zauna da ƙarfinsa, ya kwafo jadawalin daga manhajar lissafi ya jefa shi cikin littafin. Lambobin maza suka koma ƙarƙashin sunan mata, jimla ta yi tsalle ta zauna a farko, rabin layin ƙarshe ya fice daga takarda ya tafi yawonsa. Ya ce kwamfutata ce ta tsufa. Na ce eh, mai ita ma ya tsufa, ga motarka can za ta tashi.

Saboda irinsa nake wannan rubutu, ko da yake na san ba za su karanta ba.

Sana'ata ita ce in ɗauko jadawali daga inda injin lissafi ya tofo shi, in zaunar da shi cikin risala, wato littafin da ɗalibi ke kai wa jami'a kafin a ba shi digiri. Ba kowane jadawali nake nufi ba. Nawa shi ne mai gicciye, wanda ake gwama abu biyu a cikinsa. A gefe a jera masu shan ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, da masu shan na famfo, a sama a jera masu tsargiya da masu lafiya, duk ɗakin da layin kwance ya gamu da na tsaye a sa lambar mutanen da suka faɗa nan. Ni da nake wannan aiki ban gama sakandare ba. Sau biyu na zauna jarrabawar shahada, sau biyu lissafi ya kayar da ni. Yau shekara ashirin da 'yan kai ina gyara wa daktoci lambobinsu, suna kira na "mai shago".

Jadawalin farko da na taɓa bugawa na auduga ne, a wurin maigidana Ustaz Babikir, mutumin Suki, Allah ya ji ƙansa. Lokacin kwamfuta ba ta zo mana ba, tafireta ce mai haruffan Larabci. Sai ka buga lambobin da tazara ta ido, ka zare takardar, ka ja layukan da rula da alƙalami mai bakin allura. In tawada ta ɗiga, sai sabon shafi. Na yi wuni guda a kan wannan jadawali, ya fito kamar a ci da shi. Ustaz ya karɓa, bai dubi kyan layi ba, sai ya fara karantawa da ƙarfi kamar mai karanta wasiƙa: "Manoman da ba su yi ban ruwa ba sun fi kowa samun auduga." Ya ajiye takardar ya ce, "Madalla, Haruna. Gobe sai a toshe tur'a kowa ya huta." Ashe na juya layi biyu. Ya yage shi a gabana, ya miƙo mini sabuwar takarda, ya ci gaba da shan shayinsa.

A hannunsa na koyi abu uku. Ka tara kowane layi da hannunka, kwance da tsaye, sai sun haɗu a kusurwa. Ka karanta kowane ɗaki da bakinka ya zama magana irin ta mutane, don lamba ba ta jin kunyar ƙarya amma kunne yana ji. Na ukun kuma, lambar mutum ba taka ba ce, kada ka taɓa masa ita ko da wutsiyar sifiri. Kai mai ɗinki ne, ba mai yadi ba.

Da kwamfuta ta zo sai aka ce aikinmu ya mutu. Ashe ƙaruwa ya yi. Manhajar lissafi Baturiya ce, daga hagu take tafiya. Risala Balarabiya ce, daga dama take farawa. In ka haɗa su ba tare da sulhu ba, abin da ya sami saurayin nan shi zai same ka. Sai ka juya jadawalin gaba ɗaya, ka fassara kawunansa, ka ware ɗakunan da aka haɗe ka sake haɗe su, ka tabbata kowace lamba ta bi kanta. Ga lambobin su ma iri biyu ne, na Turawa da namu, kuma kowane malami da irin da yake so. Ga kashi cikin ɗari: injin zai ba ka na kwance da na tsaye da na jimla duk a ɗaki guda, ɗalibi bai san wanda yake nufi ba, sai kai ka karanta abin da ya rubuta a ƙasa ka gane masa. Wani malamin ya ce layi uku kawai yake so a jadawali, sama da ƙasa da ƙarƙashin kai. Wani ya ce a kewaye kowane ɗaki kamar garken awaki. Na taɓa yi wa ɗalibi ɗaya risala biyu, ɗaya da layuka ɗaya babu, don malamai biyu ne a kansa kuma ba sa ga maciji da juna.

Ga kuma tauraro. In injin ya ga abubuwan nan biyu da aka gwama suna da alaƙa mai ƙarfi, sai ya sa ɗan tauraro a gindin jadawalin. Ɗalibai ba sa duba komai sai shi. Wani ya taɓa roƙona in ƙara masa ɗaya, wai nasa ya fito tsirara. Na ce masa ba ni na rataya su a sama ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfutar da aka ce ta tsufa, madannai da haruffansu suka goge sai yatsa ya san wurinsu, firinta mai ƙin zafin azahar, batirin mota saboda wuta, kalkuleta, fensir, da rular Ustaz Babikir ta ƙarfe. Shekarar da yaƙi ya iso mana aka rufe jami'o'i, babu mai rubuta risala balle jadawali. Na kwance cikin kwamfutar na tura shi a buhun dawa, na koma ƙauyenmu ina yi wa ƙanena ciyawa a hawasha, wato gonar da ya gada a cikin tsarin ban ruwa. Hannun da ya saba da madannai ya yi kanta har ba na iya rufe shi. Da ƙura ta lafa na dawo na tarar da ƙofar shago a wangale. An kwashe firinta da kujeru da fanka, har da tsintsiya. Rular tana nan a ƙasa inda ta faɗi. Ɓarawo ma bai ga amfaninta ba.

Aikin da nake so ku ji ya zo bayan an sake buɗewa. Wata ranar Lahadi wata ɗaliba mai karatun lafiyar jama'a ta shigo da kwali a ka. Sunanta Nafisa. Ubanta Bahaushen Abu Hujar ne, amma a birni ta tashi, Hausarta irin ta gaisuwa da cin kasuwa ce. Rufe jami'a ya riga ya cinye mata shekara biyu. Ranar Alhamis za a yi mata munaƙasha, zaman da malamai ke tsare ɗalibi da tambayoyi a kan risalarsa. In ta rasa wannan zama sai baɗi, in ta faɗi kuwa shi ke nan. So take in sake buga mata jadawalanta su fito tsaf kafin ranar. Risalar a kan haihuwa ce a wani babban ƙauyen Hausawa da ke yamma da gari. Na dubi sunan ƙauyen, na ga namu ne.

Jadawalin da duk risalar ta tsaya a kansa ya gwama shekarun mace da ko tana da yaro ƙasa da shekara biyar. Na juya shi, na fassara, na tara kwance na tara tsaye, ya haɗu a kusurwa cif. Taurari uku ne a gindinsa reras. Na buga shi ya fito tas. Sannan na fara karanta shi da baki, da Hausa, don ni da Hausa nake jin ƙarya.

"Mata 'yan ƙasa da ashirin da biyar, masu aure, waɗanda ba su da yaro." Ɗakin ya cika maƙil.

"Mata 'yan arba'in da biyar zuwa sama, masu ƙaramin yaro." Shi ma maƙil.

Na ce, "Diktora, me kika rubuta a kan wannan?"

Ta gyara zama. "Shi ne babban abin da na gano, ya ammu. Yani matan ƙauyen nan ba sa saurin haihuwa, sai sun manyanta. Mushrif ya ce ba a taɓa rubuta irinsa ba." Mushrif shi ne malamin da ke duba aikinta.

"Ya yi gaskiya. Ba a taɓa ba. Wa ya yi tambayoyin?"

"Ni da ƙawayena biyu."

"Hausawa?"

"A'a. Amma matan duk suna jin Larabci."

Na ce ta buɗe kwalin. Takardun tambaya ne a ciki, kowace da lamba, ga kuma ɗan littafi da ta rubuta lambar da sunan mai gidan a gefenta. Na nemi gidanmu na zaro takardun. Ta farko ta Inna ce, mahaifiyata, wadda ta doshi saba'in. An rubuta tana da yarinya 'yar shekara biyu da rabi. Ta biyu ta ƙanwata Hadiza ce, autarmu, da ke aure a gidan da ke jikin namu. An rubuta ba ta da ko ɗaya.

Na ce, "Diktora, Allah ya saka da alheri. Watan jiya ina gida, babu wanda ya gaya mini an yi mini ƙanwa. Sai a littafinki na ji."

Ba ta gane ba, sai da na yi mata dalla-dalla. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in baƙo ya tambaye ta 'ya'ya nawa gare ta ba ta sa shi a lissafi. Kunya ce. Da an yaye shi kuma kaka ke ɗaukewa, ita kuwa ko alƙali ya tambaye ta cewa za ta yi nata ne. Yaran ba su ɓace ba, shi ya sa jimla ta haɗu. Ƙaura suka yi daga wannan kusurwa zuwa waccan, injin ya ga ƙaurar ya yi murna ya raba taurari.

Nafisa ta ce, "Babana bai taɓa gaya mini ba."

"Ke ce ta fari?"

"A'a, ta huɗu."

"To ina za ki sani."

Ta ɗauki shafin da na buga ta daɗe tana kallo. Ta ce mushrif ya riga ya sa hannu, malaman da za su zauna sun karɓi nasu kwafin, in ta je ta ce jadawalin ƙarya ne zai ce ta jira zama na gaba. Ta ce ko zan iya ɗan rage wancan ɗakin in ƙara wa wannan, tunda na san gaskiyar. Na ce ban san adadi ba, kuma ko na sani ba na taɓa lambar mutum. Ga shafinki nan, na yi aikina, ko layi ɗaya bai karkace ba. In kin so ki tafi da shi haka. Wataƙila cikin malaman babu wanda ya taɓa maƙwabtaka da Bahaushe. Wataƙila kuma akwai, ya tambaye ki a gaban jama'a yadda tsohuwa mai sanda ta yi naƙuda.

Ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Na ci gaba da aikin wani. Da ta ɗago sai ta ce, "Ƙarfe nawa motar ƙauyenku ke tashi?"

Litinin da hantsi muna ƙarƙashin rumfar Inna. Ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, a garwashi, ƙanshin gahawa da citta ya cika tsakar gida. Maƙwabciyarta Gwaggo Laraba ta shigo ganin baƙuwa, Hadiza ma ta leƙo. Nafisa ta ga dama ta samu, ta buɗe littafi ta dubi Hadiza ta ce da Hausarta, "Yaya, don Allah, yarinyar can taki ce?" Tana nuna 'yar da ke jan zanen Inna.

Hadiza ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya da sauri har ta bar takalmi ɗaya.

Inna ta ajiye mafici. "Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Alhaji Musa, na Abu Hujar, haboba." Haka ake kiran kaka a nan.

"Bahaushe?"

"Eh."

"Shi ya aiko ki ki riƙa tambayar mutane abin da ba a tambaya? Wancan zuwan da kunka yi da Larabawa munka yi muku uzuri, don ba su san komi ba. Ke mi ne ne naki?"

Na ga Nafisa na shirin kuka, na ce, "Inna, karatunta ne zai lalace. An rubuta a littafi ke kika haifi 'yar nan, za a kai wa gwamnati."

"To wa ya haife ta in ba ni ba?"

Gwaggo Laraba ta yi dariya har ta ƙware da gahawa. Da ta farfaɗo ta ce, "Ɗiyata, ba ki iya tambaya ba ne. Ba a tambayar mace nata. Tambaye ni na maƙwabta ki ga aiki. Wagga yarinya Hadiza ta haife ta, ni na yanke cibi."

Inna ba ta musa ba. Ta ce, "Ita ma Laraba yaron da ke gidanta na Safiya ne. Rubuta."

Shi ke nan hanya ta buɗe. Nafisa ta karanta sunan mai gida, tsofaffin biyu su zazzage mata gidan kaf: matar wance ce, ta haifi kaza, na farin yana wurin uwar mijinta a bayan injin niƙa. Inda suka saɓa sai a aika a kira wata tsohuwar ta raba gardama, ita ma ta zauna ba ta tashi ba. Kafin la'asar rumfar ta cika, an sake jabana sau huɗu, an tono har abin da ba a tambaya ba. Ni ina gefe da fensir ina miƙa takardu. Wata ta tambayi Inna ko har yanzu ɗan nan yana buga takardu a Managil. Inna ta ce wai haka ta ji ana faɗa.

Talata da safe muka ƙarasa sauran gidajen. Takardar Inna ce ta rage, akwai layin da ke tambayar haihuwa nawa mace ta yi duka. Nafisa ta riga ta koyi darasi, amma ta ce bari ta gwada.

"Haboba, ke nawa Allah ya ba ki?"

"Shida."

Mu bakwai ne, ni ne na fari. Nafisa ta dube ni, ta nuna ni da gindin fensir. "Shi wannan fa?"

Inna ba ta ko waiwayo ba. "Wa? Baƙon da kika zo da shi? A ƙara mishi gahawa, ya yi nisan tafiya."

Gwaggo Laraba ta ce, "Rubuta bakwai, ɗiyata. Shi ma ni na yanke cibi, ya zo da kuka kamar an ci bashinsa."

Da yamma muna shago. Nafisa ta shigar da gyaran da hannunta, ta sa injin ya sake lissafi, ya tofo sabon jadawali. Na juya shi, na fassara, na tara kwance da tsaye. Na karanta da baki: 'yan mata suna haihuwa, tsofaffi sun huta, kamar ko'ina a duniya. Abin da za a yi mamaki babu. Na farke ɗinkin kwafin risalar, na cire shafi tara na mayar da sababbi, ta sake rubuta bayanin a tsaye a jikin kantar shagon. A gindin jadawalin ta ƙara layi uku da ƙananan haruffa, inda ta faɗi yadda aka yi kuskuren farko da yadda aka gyara.

Ranar Laraba ta kai wa mushrif. Na ji an ce ya yi faɗa har masinja ya leƙo, wai ta kashe masa babban abu ta kawo masa abin da kowace ungozoma ta sani. Amma bai cire sunanta daga zaman ba, don shi ma sa hannunsa na kan tsohon shafin, sai ya aika wa malaman sabon kwafin. Ranar Alhamis malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya bar risalar gaba ɗaya ya kama layi ukun nan. Ya tambaye ta a kansu kusan awa guda, ya ce duk wanda zai shiga ƙauyen Hausawa da takardar tambaya ya fara karanta su. Ta ci, har da yabo.

Bayan mako biyu ta dawo da kwalin alewa da kwafin ƙarshe da za a yi wa bango mai tauri. Ta miƙo mini shafin godiya in buga. Ta gode wa Allah. Ta gode wa iyayenta, da mushrif mai haƙuri da hangen nesa, da ƙawayenta biyu da suka sha rana. Ta gode wa Haboba da Gwaggo Laraba da dukan tsofaffin rumfa, har da direban motar ƙauye.

Na karanta shi da baki sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, babu mai shago a ciki. Ban taɓa mata ko harafi ba. Na sa shi a tsakiyar shafi, na daidaita gefe da gefe, na buga a takarda mai kauri.

Na ɗauka ita ma ta koyi kunya ne.